Wushiryar Inna

Inna ta kusa shekara hamsin a duniya kafin ta yi wushirya. Na san za a ce ai wushirya da ita ake tashi, ba a tsintar ta a hanya. Ni ma haka na sani. Amma a gidanmu na Wudil an yi ta da rana tsaka, kuma wata huɗu cur babu wanda ya isa ya ce wa Inna ba ita ba ce.

Inna 'yar garin Lajawa ce, cikin matan da suka tashi da cin fure. 'Yan matan yanzu ba su san shi ba. Furen taba ne, ake goga shi a haƙori tare da goro har haƙoran su rine su yi ja mai duhu, kuma a zamaninsu wannan shi ne ado. Mace babba in an gan ta da farin haƙori, to ko dai jinya ta kwantar da ita, ko kuwa takaba take yi. Inna tana da ɗan gwangwanin da take ajiye furenta, da jiƙaƙƙen tsumma na goro, kuma kafin ta ɗora tukunyar koko ta riga ta gama jan bakinta. Har na yi aure ban taɓa ganin ainihin launin haƙoran uwata ba.

Ni ce autarta, shi ya sa nake iya wannan surutu a kanta. Yayanmu, ɗan fari, ko sunansa ba ta kira. In zancensa ya taso sai ta ce "mutumin Kano", don can yake aikin gwamnati, in kuma ya zo gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Ni kuwa duk kunyar da ta tara a kansa a kaina ta huce. Muna tsokanar juna kamar kaka da jika. A lokacin da nake ba da labari ina gidan mijina a unguwar da ke bayan tamu, ina koyarwa a firamare, kuma da wuya rana ta faɗi ban leƙo gida ba.

Baba dillalin shanu ne a kara. Duk Juma'a, ranar kasuwa, tun da hantsi yana can cikin shanu. Sai ya kama muƙamuƙin saniya, ya ɗaga leɓenta, ya dubi haƙora, ya faɗa wa mai saye shekarunta, Bafulatanin da ya rene ta yana tsaye bai musa ba. Mutum ne mai yabo, amma yabonsa duk a kara yake ƙarewa. Zai yi rabin sa'a yana kwatanta tozon wani bijimi, amma in tuwon Inna ya yi daɗi sai ya ce "to", in bai yi daɗi ba ma ya ce "to", sai dai na biyun ya fi tsawo. Ban taɓa jin ya yabi zaninta ko kitsonta ba. Ba don ba ya so ba, haka dai mazan lokacin suke, suna ganin yabon mace a fili zubar da girma ne.

Shekarun nan ne kuɗin mai ya shigo ƙasa. Tifofi suna ta kwasar yashi a bakin kogi suna haurawa Kano, gidajen ƙasa suna ta yin hular kwano, wanda ba shi da keke jiya yau ga shi da babur yana koyon tuƙi a kan mutane. Kujerar Makka da a da sai attajiri, ta sauko har tsakar gidan talaka. Duk wadda ta je ta dawo kuwa, ba sai an tambaya ba, da ta yi murmushi za a ga haƙorin Makka yana walƙiya.

Wata Juma'a bayan la'asar ina tsakar gida ina ba Inna labarin wani ɗalibina, tana ta dariya har da riƙe ciki. Baba ya shigo daga kara zai ɗauki buta. Ya tsaya, ya dube ta, irin duban da bai saba yi ba. Sannan ya ce, yana kallona ni ba ita ba:

"Auta, ashe uwar taki wushirya ta yi ba mu da labari?"

Inna ta ja gefen mayafi ta rufe baki. "Kai, Malam, a gaban yarinya?"

"Ni dai abin da na gani na faɗa," in ji shi. Ya ɗauki butarsa ya yi waje.

Na duba, ai kuwa gaskiya ne. Tsakanin haƙoranta biyu na sama na gaba ga 'yar ƙofa, tsinken tsintsiya zai wuce. Na yi ta yi mata tsiya, ina cewa tsufa ya zo mata da tsaraba. Ita kuwa tana ta cewa in rabu da ita, amma fuskar nan ta ƙi rufuwa.

Kafin Juma'a ta zagayo Inna ta sayi madubi sabo. Matar da a da in za ta yi dariya sai ta sunkuyar da kai, yanzu har da ɗaga haɓa. In maƙwabta suka shigo sai ta ja zance ta inda za a yi dariya. Wata tsohuwa ta ce ta taɓa ganin irin wannan a garinsu, alamar arziki ce mai zuwa. Ba a yi wata guda ba kuwa sai ga mutumin Kano da labari: an yi musu ƙarin albashi, ya biya wa Inna kujerar Makka, tare za su tafi. Shi ke nan, tsohuwa ta zama mai gani har hanji, wushirya kuma ta sami shaida.

Tun daga ranar Inna ta zaɓi haƙorinta. Na dama da wushiryar, shi za a sa wa zinariya. Takan tsaya gaban madubi ta ɗora ɗan yatsa a kansa, ta ce, "Nan zinariya, nan wushirya. Sai dai maƙiya su kau da kai." Na ce mata Inna, ibada za ki ko kanti? Ta ce duka biyun, Allah bai hana ba.

Azumi ne ya tona asirin. Da rana babu goro, babu fure. Wata Asabar da hantsi na shigo na tarar da ita bakin rariya tana asuwaki, sai na ga abin da ta tofar ja ne, bakin asuwakin ma ja.

"Inna, goro kike ci da azumi?"

"Allah ya shirye ki. Tsohon rini ne yake fita."

Na matsa kusa. Ba rini ba ne. Dasashinta ya kumbura ya yi jajir, ya janye daga jikin haƙoran har sun yi tsawo, jini yana tsattsafowa ta gindinsu. Ga kuma wani wari da na daɗe ina ji ina ɗora wa goro. Da na yi maganar warin sai ta ce, "Ke da kike malama, ba ki ji abin da aka faɗa a kan bakin mai azumi ba?" Nan take na tuna rabon da in ga ta ɓare rake da haƙori an daɗe. Da wuƙa take yanka shi ƙanana, ta tura can gefe. Na ce ta buɗe in gani sosai, ta ture hannuna.

"Ni saniya ce da za a buɗe mini baki? Tafi kara wurin ubanki."

Wurin ubana kuwa na tafi, amma a zaure na same shi. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, don ban san ta inda 'ya take fara gaya wa uba cewa bakin matarsa ya lalace ba. Ya bar ni na gama wahalata. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da kuɗin mota a ƙulle cikin hankici, da gani ba yau aka ƙulle su ba.

"Na ɗauka ba za ki taɓa gani ba," in ji shi. "Wata huɗu ina jira. Boko dai bai ƙara miki ido ba."

"Baba, dama ka sani?"

"Shekara talatin ina buɗe bakin shanu. Haƙorin da ya fara barin ɗan'uwansa, gindinsa ne ya saki. Ko daga ƙofa na hango na sani."

"To me ya sa ka ce wushirya?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ruwa yake jiƙa. "Me kike so in ce? In ce wa uwarki bakinta ya yi irin na tsohuwar saniyar da ake sayarwa mahauta? Na faɗa a gabanki ne don ki duba. Ke kuwa kika tsaya dariya."

Na fito daga zauren nan. Kunya ta kama ni, don ni mai takarda ce a gidan, dillalin shanu ya riga ni. Amma abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Yabo guda ɗaya tak da Inna ta samu daga bakin mijinta a zaman shekara talatin da ɗoriya, wanda ta saya wa madubi, ashe tarko ne aka ɗana mini. Na ƙudurta a raina ko za a yanka ni ba za ta ji wannan daga bakina ba.

Da yake 'yar dillali ce ni, ban rasa dabara ba. Bayan ƙaramar Salla na ce mata yanzu an fito da sabon tsari, duk mai son haƙorin Makka sai likita ya duba bakinsa a Kano tukuna. Ta yarda nan da nan. Ranar tafiya ta ci ado kamar mai zuwa biki, ta kuma zauna ta goga fure ninki biyu, wai kada likita ya ce matan Wudil ba su iya gyaran baki ba. Muka hau motar haya, muka haye gada, tana ta gaisawa da mutanen cikin mota ana dariya.

Likitan haƙoran Ba'indiye ne, siriri, Hausarsa ba ta wuce "sannu Mama" da "buɗe" ba. Mai yi masa tafinta wata nas ce Bakanuwa, sa'ar Inna, mai baki kamar reza. Aka kwantar da Inna a wata kujera mai komawa baya, aka haska mata fitila a fuska. Da ta buɗe baki likitan ya ɗan ja da baya, ya tambayi nas wani abu, ta amsa masa tana danne dariya. Daga baya nas ɗin ta gaya mini wai ya ɗauka duk jan nan jini ne.

Ya ɗauki wani siririn ƙarfe yana zura shi tsakanin haƙori da dasashi, yana faɗin wani abu nas tana rubutawa. Duk inda ya taɓa sai jini. Ya kama haƙorin nan na dama, wanda aka yi wa tanadin zinariya, ya girgiza shi da yatsa biyu. Daga inda nake tsaye na ga ya motsa.

Nas ta juya bayanin da Hausa. Ta ce dauɗar abinci ce take taruwa a wuyan haƙori, in ba a fitar da ita ba sai ta sandare ta zama kamar dutse, asuwaki ba ya iya ta. Ita ke sa dasashi ya kumbura yana jini, ya yi ta ja da baya, har ciwon ya kai ga ƙashin da ke riƙe da haƙoran. "Ke mutuniyar Wudil ce," in ji ta, "kin san yadda kogi yake cin gaɓa a ƙarƙashin bishiya. Tana tsaye da ganyenta, ƙasar gindinta tana tafiya." Ta ce furen ba shi kaɗai ne mai laifi ba, amma shi ya rufa wa ɓarawo asiri, don shekara da shekaru jini yana fita ana cewa ado ne.

Inna ta saurara tsaf. Sannan ta ce, a hankali, "To tambaye shi, wushiryar fa?"

Na yi wa nas ido, amma ba ta gani ba, ko kuma ta gani ta share.

"Baiwar Allah, wannan ba wushirya ba ce. Giɓi ne ya yi sallama, bai dai shigo ba tukuna."

Inna ta mai da kanta kan kujera ta rufe ido. Da a ce zagina ta yi a wurin da ya fi mini sauƙi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ya ce za a kankare dutsen nan duka, sama da ƙasa, har can ƙarƙashin dasashi, kuma akwai turmi ɗaya a can baya da ya riga ya gama, sai cirewa. Na gaban yana da sauran rai, in an kula. Zama biyu aka yi, mako guda tsakani. Ya yi mata allura a dasashi, ya dinga kankara da wasu ƙarafa masu lanƙwasasshen baki, ana jin ƙarar har cikin kai. In ta kurkure ta tofa a tasa sai ga ɓarɓashi baƙi-baƙi. Da ta ga na farko ta riƙe hannun nas, bakinta a karkace saboda allura, ta ce a gaya masa ya bar farfasa mata haƙora, ba ta da wasu a gida. Nas ta ce, "Ba naki ba ne, baƙi ne suka yi gini a filinki."

A zama na biyu, bayan an gama, aka goge haƙoran da wani ɗan inji, aka miƙa mata madubi. Ta daɗe tana kallo. Haƙoran sun fito farare, ba fari tas ba, amma rinin shekara talatin ya tafi. Sun yi tsawo, ga ƙofofi a tsakaninsu inda dutse ya toshe a da. Ta ajiye madubin a cinya ta dubi nas.

"Mijina da ransa za ku mai da ni mai takaba?"

Nas ta yi dariya har da dafa bango. Likita ya tambayi abin da aka ce, aka gaya masa, bai gane ba, ya ce a gaya wa Mama ta yi kyau. Aka ba ta ƙwayoyin magani na 'yan kwanaki, da buroshi mai laushi. Aka ce safe da dare ta goge har gindin haƙori ko da jini ya fito, ta riƙa kurkurewa da ruwan gishiri mai ɗumi, fure kuwa ta yi ban kwana da shi, goro ta rage. Aka ce ta dawo bayan mako shida. Zancen zinariya, likita ya ce ba a ɗora kaya a kan haƙori mai rawa, sai an ga abin da hali ya yi.

A mota har muka iso gada ba ta yi mini magana ba. Da muka sauka ta ce, "Sabon tsari ko? Allah ya saka miki." Ban tabbata wace irin sakayya take nufi ba.

Makonnin da suka biyo baya gidanmu ya yi shiru. Inna ta daina dariya. In dole ta kama sai ta sa bayan hannu ta tare baki. Madubin ya koma ƙasan akwati. Wata ƙawarta ta zo daga Kausani cin kasuwa ta biyo gaishe ta, suna cikin gaisuwa ta hango farin haƙori, sai ta matso, ta rage murya ta ce, "Malam dai yana nan lafiya ko?" Ni na fita bayan ɗaki na yi dariyata. Inna ba ta yi ba.

Ga shi kuma da farko abin kamar ƙaruwa ya yi. Ruwan randa in ya taɓa haƙoran sai ta runtse ido. Suka ƙara rawa, don ashe dutsen nan ne yake tallafe da su. Kullum na shigo sai ta ce, "Da bakina lafiya lau, kika kai ni aka kwance shi." Nas ta riga ta gaya mini haka za a yi kafin dasashi ya kama, amma duk da haka tsoro ya shige ni. Na yi ta tunanin ko na raba uwata da adonta da dariyarta a banza, haƙorin ma ya zo ya faɗi. Na ji haushin Baba kuma, da ya haɗa wannan aiki ya koma zaure yana jan carbi. In ya shigo ya ga hannunta a baki sai ya kau da kai ya ce "to", mai tsawon nan.

Amma Inna mace ce mai taurin kai, kuma taurin kan ya yi rana. Tana mita tana gogewa. Buroshin nan da ta ce na 'yan boko ne, ba ta taɓa tsallake masa lokaci ba. Ruwan gishiri kuwa har sai da na ce Inna, miya za ki yi a bakin? Gwangwanin fure ta ba wa maƙwabciya da hannunta, ta juya baya kafin a fita da shi. Ni a zatona duk don zinariya take yi.

Da muka koma bayan mako shida, dasashin ya sace, ya kama jikin haƙoran, jini ya tsaya, warin ya tafi. Likita ya girgiza haƙorin nan na dama, da ƙyar ya motsa. Ya ɗaga mata babban yatsa. Nas ta ce giɓi ya ji ba a amsa sallama ba ya yi gaba, amma ƙofar da ta riga ta buɗe ba za ta rufe da kanta ba, haka za ta zauna. Zinariya kuwa, in ta matsa, a sa, sai dai a gaya wa mai sawa ya bi a hankali. Na ɗauka Inna za ta yi murna. Ta ce "to" kawai, irin na mijinta.

Suka tafi Makka ita da mutumin Kano. Yadda aka yi uwa da ɗan fari suka yi sama da wata guda tare ba ta kira sunansa ba, wannan sai dai a tambaye su.

Ranar da suka dawo gidanmu ya cika maƙil. Mata suna shigowa suna "Hajiya, sannu da zuwa, an sha hanya, ya ibada", amma duk idonsu a bakinta yake. Ita kuwa tana amsawa da leɓe a tsuke. Har dai ƙawarta ta Kausani ta gaji ta ce, "Haba Hajiya, a buɗe mana mu ga hasken Makka mana." Inna ta ɗan buɗe. Babu zinariya. Haƙoranta ne farare, da ƙofarsu a tsakiya. Aka yi ta tambaya, ta ce wa wannan layi ne ya yi yawa, ta ce wa waccan lokaci ne ya ƙure. Na san ba gaskiya ba ne, don Inna ba ta taɓa barin layi ya kore ta daga abin da take so ba.

Bayan la'asar baƙi suka ragu. Ina cikin ɗakinta ina kasa dabino da carbi na rabon maƙwabta, ita tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakin, asabari ne kawai tsakaninmu. Na ji takun Baba. Ya tsaya, ya yi gyaran murya.

"Hajiya, ina alkawarin? An ce nan zinariya, nan kaza."

Ashe yana jin duk abin da take faɗa a gaban madubi.

"Na je shagon, Malam," in ji ta. "Har na zauna a kujera. Mutumin ya ce zai fiƙe haƙorin tukuna, sannan ya yi zinariyar da faɗi yadda za ta toshe ƙofar gaba ɗaya, kada a ga komai. Wai gyara zai yi mini. Na ce ya bar mini giɓina, na tashi."

"Wane giɓi kuma? Wushirya dai."

Na tsaya da dabino a hannu.

"Malam, ni fa matar dillali ce. Mutumin da yake hango haƙorin saniya daga bakin kara, shi ne zai kasa gane na matarsa a tsakar gida? Tun a kujerar likitan nan na gane. Ka san abin da ka gani tun ranar farko."

Wata da watanni ina ɓoye mata abin da ta riga ta sani.

"Na sani," in ji Baba.

"To," in ji ta.

"To da kika sani, me ya hana ki bari a toshe?"

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ko da wasa ne, ai dai an faɗa. Ba zan bari a liƙe wurin ba."

Na ji Baba ya gyara tsayuwa, ya sake gyaran murya har sau biyu, kamar mai shirin faɗin farashin da ya san zai yi asara a kansa.

"Ta ranar nan na faɗa ne don a kai ki asibiti," in ji shi. "Ta yau kuwa babu inda nake so a kai ki. Ta yi miki kyau."

Ya ɗauki butarsa da sauri ya yi zaure, ko ruwa babu a cikinta.

Na leƙa ta tsakanin asabari. Inna tana zaune ita kaɗai tana dariya, haɓa a sama, hannuwanta duka biyu a kan cinya. Da ta ji motsina ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Auta, in kin gama laɓen, buɗe akwatin nan ki miƙo mini madubina."

Haƙorin nan bai faɗi ba. Da shi aka kai ta makwancinta, shekaru masu yawa bayan haka, da 'yar ƙofarsa a gefe. Har yau a gidanmu babu mai kiran ta giɓi.